Gishirin da Bai Kashe Tsami Ba

Shekarar da sukari ya ɓace daga kantuna, sai dai a bi layi a gaban soja mai bulala kafin a gan shi, mazarƙwaila ta yi daraja a ƙasar Makarfi. Duk mai kasko ya shiga ɗaga kafaɗa. A shekarar ne kuma zawo ya faɗa wa Unguwar Maje, wani ƙauye a gefen Gazara, gida bayan gida a wuni guda, kuma duk gidan da ya kwanta, to an sha koko da mazarƙwailar Muhammadu Auwalu. Manya suka galabaita suka tashi. Ummulhairi, 'yar Lantana mai koko, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ga shi ƙyanda ta riga ta cinye ta, ita ba ta tashi ba.

Tun ba a dawo daga maƙabarta ba gari ya sami mai laifi. Auwalu ya ce asid aka zuba masa a kasko. To, wa ke da asid a Unguwar Maje? Ilisha ne, malamin kimiyyar da gwamnati ta sallama lokacin rage ma'aikata, ya dawo gida ya buɗe ɗan kemis, yana kuma zuba wa direbobi ruwan batir. Ga shi an gan shi a bakin injin matse raken Auwalu suna cacar baki kan ruwan da ke zuwa lambun matar Ilisha. A garin nan aka yanke cibiyar Ilisha, ubansa ma a nan ya shiga addinin Kirista ya tsufa ya mutu, amma ranar sai ya wayi gari baƙo. Samari suka fara tara kara a bayan katangarsa.

Dagaci ya sa aka kulle shi a ɗakin cikin zaure, rabi tsarewa rabi ceto, ya aika wa hukuma a Ikara. Amsa ta dawo cewa motar soja za ta zo kashegarin kasuwar Makarfi. Wanda kuwa motar nan ta ɗauka a shekarun nan, 'yan'uwansa sukan fara yi masa addu'a ne tun ba ta juya ba.

Daga nan Dagaci ya sa aka kira masa Uwaisu mai bin sawu.

Uwaisu ƙanen Auwalu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutum ne siriri, marar fara'a, wanda in ka gaishe shi ƙafarka yake kallo. Ya taɓa bin satar shanu daga Gubuchi har ƙasar Kudan a kan busasshiyar ƙasa. Kuma ya tsani Ilisha tsana ta gaske, tun ranar da malamin ya yi dariya a gaban alƙali ya ce sawu ba hujja ba ne, tatsuniyar mafarauta ce.

"Ranka ya daɗe, ai an kama shi," in ji Uwaisu. "Me kuma zan bi?"

"An kama shi da baki," Dagaci ya ce. "Ni ne zan miƙa ran mutum. Ka kawo mini ƙafarsa a bakin kaskon nan, in yi barci."

"In dai ƙafarsa ce, ko ƙarƙashin dutse ta shiga zan zaƙulo ta."

Ya fita da farin ciki, kuma ba ya ɓoyewa.

*

Injin Auwalu yana bakin fadama. Ga ƙarfen matse rake da doki ke zagayawa da shi, ga katafaren kasko a kan murhu, ga tulin tuƙar rake da ake shanyawa a yi wuta da ita. Wurin yana wani irin warin tsami da ƙudaje suka fi kowa so.

Bai sha wahala ba ya ga takalmin Ilisha, sau-ciki mai cinyayyen dunduniya, wanda ba mai irinsa a ƙauyen. Zuciyarsa ta yi fari. Ya bi shi a sunkuye, sai ga shi takalmin ya tsaya cak a gindin tsamiya, can nesa da murhu, ya yi 'yan dirshe-dirshe irin na mai faɗa, ya juya ya koma. Uwaisu ya zagaya kaskon ya sake zagayawa. Babu. Ya yi tsaki kamar zai tsinke harshe.

A gefen murhu akwai wata ƙafa marar takalmi mai buɗaɗɗen babban yatsa, ta Usmanu ce, mai dafa wa Auwalu ruwan rake. Akwai kofaton dokin, yana ɗingisa ƙafar gaba. Sai kuma ƙafar Auwalu ko'ina, wadda bai ko tsaya kallonta ba, don wa zai tuhumi sawun mutum a wurin sana'arsa? Da ya tura sanda cikin tulin tuƙa, sai ya ji ƙarar ƙarfe. Wani gwangwani ne babba mai rubutun Turanci, an kwashe shi kusan tas, sauran wasu fararen ƙwayoyi kamar gishiri a gindi. Ya ɗanɗana a bakin harshe ya tofar. Ɗaci kamar maɗaci, amma bai ƙone shi ba.

"Ka gani ko?" in ji Auwalu, wanda ke tsaye a kansa tun ɗazu. "Ga asid ɗin nan. Sai ka kai wa Dagaci a huta."

"Yaya, ina Usmanu?"

"Na kore shi. Malalaci ne."

"Dokin fa?"

"Ƙaya ya taka. Kai doki aka aiko ka bi ko mutum?"

*

A kasuwar hatsi ta Hunkuyi ya sami Usmanu yana dakon buhuna. Ko sallama bai yi masa ba.

"An kore ka, ka koma ka rama. Ƙafarka tana bakin murhu."

Usmanu ya sauke buhu ya dube shi sama da ƙasa. "To a ina kake so ka ga ƙafar mai dafuwa, a kan hasumiya? Kuma ba kora ta aka yi ba, ni na tafi. Tambayi mai shagon nan tun yaushe nake nan. Kafin a ɗora wannan dafuwar na bar garinku."

"Me ya tayar da kai?"

"Yayanka ya sa aka sare rake gona guda, sai doki ya gurgunce. Raken nan ya yi ta kwana a rana. Da aka zo matsewa ruwan ya yi tsami kamar tsohuwar gasara. Ruwan rake kuwa in ya yi tsami ba ya kamawa, ko ka ƙone itacen duniya. Kanwa takan ɗan gyara, amma wannan ya fi ƙarfinta, ga shi tana baƙanta kaya. Na ce a zuba wa shanu. Ya zagi uwata. Na ɗauki rigata."

"Ƙarya kake yi."

"To ka je ka tambayi ƙudajen wurin."

Mai shagon ya shaida, 'yan dako suka shaida. Uwaisu ya hau keke ya juyo rai a ɓace. Ya zo neman ɓarawo an ba shi labarin rake.

*

Lantana tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta zuba wa ƙasa ido. Ya yi mata ta'aziyya a gurguje, don abin da bai iya ba ke nan.

"A ina kika sayi mazarƙwailar?"

"Malam Auwalu ne ya kawo har gida. Da araha, wai don mu 'yan gari ne."

"Bai kai Makarfi ba?"

"Wannan karon bai kai ba." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Na ce masa Malam Auwalu tana da ɗaci. Ya ce ƙauri ne, wuta ce ta yi yawa. Yarinyar ba ta cin komai sai abu mai zaƙi. Da na ji kokon da ɗaci sai na ƙara mata wata don in rufe ɗacin. Na ƙara, na kuma ƙara. Da hannuna, Malam Uwaisu."

Ya tashi ya fita. Dillalan Makarfi sai sun gutsura sun ɗanɗana suke saye, wannan kowa ya sani. Tunanin ya zo masa, ya kore shi kamar ƙuda, ya dawo.

*

Ilisha yana zaune a kan tabarma, leɓensa a kumbure. Uwaisu ya dangwarar da gwangwanin a gabansa.

"Naka ne?"

Ilisha ya daɗe yana kallonsa. "Au, kai aka sa? To ai an gama da ni."

"Naka ne ko ba naka ba?"

"Nawa ne. A rumbun bayan shago yake, shi da 'yan'uwansa. Na ɓoye su ne don in soja suka gani za su ce ɓoye kaya nake yi. Ranar Lahadi da muka dawo daga coci na tarar babu shi. In kai ƙara wurin wa? In ce an sace mini abin da na ɓoye?"

"Asid ne."

"Ka ɗanɗana?"

"Na ɗanɗana."

"Kuma ga harshenka nan kana zagina da shi. Da ruwan batir ne da yanzu da hannu kake magana."

Uwaisu ya ji kamar ya kwaɗa masa mari, amma ya tsuguna. "To mene ne?"

"Gishirin wankin ciki. Ka duba kalmar farko a jikin gwangwanin, magnesiyam. Gwangwanayen da ke rumbun nan duk da wannan kalmar suka fara, kamar 'ya'yan mutum ɗaya, amma halinsu ba ɗaya ba ne. Akwai mai laushi kamar garin alkama, wanda nake damawa a kwalba in ba masu gyambon ciki. Wannan dangin kanwa da toka ne, shi ke kashe tsami. Wannan da ka kawo kuwa ba asid ba ne, ba kuma dangin kanwa ba ne. Ɗan ba-ruwana ne. Ka zuba buhu guda a ruwa mai tsami, tsamin yana nan. Aikinsa ɗaya, ya tsuge hanjin mutum."

"Wa ka taɓa gaya wa cewa maganinka yana kashe tsami?"

"Duk mai gyambon cikin da ya zo. Bakin malami ne da ni, ba na iya ba da magani ban yi bayani ba." Ya dubi gwangwanin. "Yayanka ma duk mako sai ya zo. A damamme yake karɓa, bai taɓa ganin garin ba. Ran nan kwalba ta ƙare, ya biyo ni har bakin rumbu."

Uwaisu ya miƙe tsaye har kansa ya bugi azara.

"Ka ƙara ambaton wana, wallahi ba sai soja sun zo ba."

"Kai ka tambaya. Ka ce sawu ba ya ƙarya, to je ka duba."

*

Ya je ya duba. A bayan shagon akwai inda Cecilia, matar Ilisha, take zubar da ruwan wanke-wanke, ƙasar wurin ba ta rabuwa da danshi. Cecilia ta tsaya a bakin ƙofa da taɓarya a hannu, ba ta gaishe shi ba, shi ma bai gaishe ta ba. A gefen laka, inda rana ta busar, ga ƙafa ɗaya ta hagu cikin takalmin taya, dunduniyar tana ɗan ja waje. Tun suna yara shi da Auwalu suna kiwon awaki yake bin wannan ƙafar in ta ɓuya masa a cikin dawa. A kanta ya koyi sana'ar.

Duk da haka bai yarda ba. Ya ce a ransa ai mai gyambon ciki yana iya zagayawa neman mai shago. Ya koma bakin inji, wannan karon ya kalli abin da ya tsallake da farko. Tsakanin tulin tuƙa da kasko akwai 'yar hanya da ƙafa ɗaya ta fitar. Ta je ta dawo, ta je ta dawo, ba gaggawa, ba sanɗa. A bakin kasko takan tsaya daidai inda mai juya ludayi ke tsayawa, ta jira, ta sake komawa wurin gwangwanin. Ga ɗan farin gishirin da ya zuba a hanya, a kan sawu da ƙarƙashin sawu.

Uwaisu ya zauna a ƙasa daɓas. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki, da wani irin haushin Ilisha da ya fi na da, don mutumin ya yi gaskiya. Ba wanda ya ga wannan hanya sai shi. Reshen tsamiya ɗaya ya isa ya share ta. Har ya karyo reshen, ya riƙe shi a hannu ya daɗe, sai ya tuna yadda Lantana ta ce da hannunta. Ya yar da shi.

*

Ranar da motar za ta zo zauren Dagaci ya cika har waje. Aka fito da Ilisha da igiya a hannu. Usmanu ya zo daga Hunkuyi, Auwalu yana zaune kusa da Liman cikin farar riga. Lantana, da ba wanda ya kira ta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi tafiya.

Uwaisu ya sa aka kawo zoɓo marar kauri a ƙore uku, kamar yadda Ilisha ya faɗa masa.

"Zoɓo kuma? Biki ake yi?" wani ya ce daga baya.

"In kana da abin faɗa ka matso gaba," in ji Uwaisu, mutumin ya ja bakinsa.

Aka sassauta wa Ilisha hannu. Ya ɗiga ruwan batir a ƙwarya ta farko, zoɓon ya ƙara ja ya yi jawur. "Wannan shi ne asid." Ya zuba farin garin masu gyambon ciki a ta biyu ya juya, a hankali jan ya mutu, ya koma wani baƙi-baƙi mai ratsin kore. "Duk macen da ta taɓa sa wa zoɓo kanwa ta san wannan. Shi ne mai kashe tsami." Sannan Uwaisu da kansa ya karkaɗe sauran abin da ke gwangwanin cikin ta uku. Aka juya, aka jira. Zoɓo yana nan zoɓonsa.

"To ba asid ba ne," in ji Auwalu da ƙarfi, "amma ai nasa ne. Da bakinsa ya ce nasa ne."

Zauren ya ɗauka. Dagaci ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe," Uwaisu ya ce, idonsa a ƙasa, "takalmin Ilisha bai wuce gindin tsamiya ba. Na so ya wuce, Allah ya sani. Usmanu yana Hunkuyi kafin a ɗora kasko. Wanda ya zuba gishirin nan ba sau ɗaya ya zuba ba. Ya zuba ya juya ya ɗanɗana, ya ji tsami yana nan, ya koma ya ƙaro. Mai ɓarna sau ɗaya yake zuwa ya gudu. Mai gyara ne yake komawa. Wani ne rakensa ya yi tsami, ya ji an ce akwai magani mai kashe tsami, ya shiga rumbu ranar Lahadi masu gida suna coci. Karatun bokonsa bai wuce ya gane kalmar farko ba, ya ɗauki gwangwanin da ya fi girma. Da abin ya ƙi, ya sirka da sabon ruwan rake har ta kama. Ya ji ɗacinta, ya san Makarfi ba za su saya ba, ya bi gidajen matan garinsu da ita."

Auwalu ya juyo ya dubi ƙanensa.

"Uwaisu, ni kake nufi?"

"Ƙafarka ce, Yaya. A bayan shago da bakin kasko. Tana nan, ban share ba."

"Saboda wannan mutumin? Wanda ya mai da kai abin dariya a gaban alƙali?"

"Har gobe ba na ƙaunarsa."

"An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Da asara ce kawai ka yi, da gonata na sayar na rufa maka asiri. Ka ji ɗaci ka sayar. Da yarinya ta mutu kuma ka nuna wani."

Auwalu ya buɗe baki zai yi rantsuwa, Liman ya dafa gwiwarsa ya ce, "Kada ka ƙara wa kanka." Sai kafaɗunsa suka zube. "Gona guda fa," ya ce a hankali. "Rake gona guda. Shi ya ce yana kashe tsami. Ni ina na san iri-iri ne?"

"Na ce maka da ɗaci," in ji Lantana daga bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. "Ka ce ƙauri ne."

Ana cikin haka aka ji ƙugin mota. Wani saje ya shigo da takalminsa har kan tabarmar Dagaci, ya dubi Ilisha da igiya ke rataye a hannunsa ɗaya.

"Wannan ne?"

Dagaci ya sunkuyar da kai. Liman ya shiga jan carbi. Samarin da suka tara kara suka kama kallon rufin zaure. Uwaisu ya gane sarai cewa in aka ƙara yin shiru kaɗan, sajen zai ja igiyar nan ya tafi, gari kuma zai bar shi ya tafi.

"Ba shi ba ne," ya ce. "Ga shi nan, mai farar riga."

"Kai wane ne?"

"Ƙanensa ne ni."

Sajen ya dube shi kamar ya ga mahaukaci, ya ɗaga kafaɗa, ya kwance igiyar daga hannun wannan ya ɗaura a na wancan. Ilisha ya fita yana murza wuyan hannu, bai ce an gode ba, ba kuma wanda ya ce masa yi haƙuri. A bakin mota Auwalu ya tsaya ya waiwayo.

"Kada ka aiki kowa wurin Inna," ya ce. "Ka je da ƙafarka ka gaya mata."

Mutane suka dare masa hanya, ba don girmamawa ba. Wata tsohuwa ta tofar da yawu da ya wuce. Ya bi lungu har gidan da aka haife su. Inna tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa da lalube, don idonta ya daɗe da tafiya. Tun yana zaure ta ɗaga kai.

"Uwaisu ne? Na ji tafiyar mutum ɗaya. An tafi da mugun?"

Ya cire takalmi ya durƙusa a gabanta.

"An tafi da shi, Inna."

"Alhamdulillahi. To ina yayanka? Na ajiye masa fura tun safe."